Ina zan kai yaran makarantarmu su ga tsofaffin gine-ginen bakin teku?

Malamar_Nima

Assalamu alaikum jama'a, iyayena da yayyena na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema. Ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya a nan unguwar Nima ta Ankara (Accra, babban birnin Gana), kuma mun yi magana da iyayen yara cewa idan an yi hutu za mu ɗauki manyan cikinsu, kamar su talatin haka, mu fita dasu yawon buɗe ido na yini ɗaya. Abin da ya jawo maganar, ran nan ina tambayarsu wa ya taɓa zuwa bakin teku, wallahi yara shida ne kawai suka ɗaga hannu, su ma Labadi aka kaisu ranar sallah suka hau doki suka dawo. Yaran da aka haifa a Ankara fa, daga Nima zuwa teku ko awa ɗaya ba a yi in ba a samu cunkoso ba.

To matsalar ni ma ba wani sani na yi ba, kar in je yaro ya min tambaya in tsaya ina kame-kame. Ina jin ana cewa kasil, ana cewa fot, ga kuma doguwar hasumiyar nan mai ja da fari ta Jamestown, ga habo, duk na haɗa su a kaina kamar abu ɗaya ne. Mene ne bambancinsu? Kuma wanne ya fi dacewa, mu tsaya a nan cikin gari ko mu daure mu ɗauki mota mu je Cape Coast da Elmina? Kuɗin da muka tara ba shi da yawa, kowa ya san yadda abubuwa suke.

Sannan akwai wani daga cikin iyayen da ya ce min wai me za a kai yara su gani a gidan da Turawa suka gina, gara a kaisu Babban Masallacin Kanda su yi hoto. Ban samu amsar da zan bashi ba a lokacin, na dai yi dariya na ce zan yi tunani. Wanda ya san wani abu ya taimaka mini, Allah ya saka.

DanGaMashie

Wa alaikum salam Malama. Ni anan Jamestown na taso, kakata tana sayar da koko da kose kusa da kasuwar Salaga tun ina karami, so wannan unguwa na santa lungu lungu. In dai kudi ne matsala kar ku je nesa, ku fara da gida, ku shiga trotro (motar haya) zuwa Tema Station daga nan ku gangara High Street da kafa ma zaku iya in yaran manya ne.

Farko zaku tarar da Ussher Fort, wannan mutanen Holan ne suka gina a 1649, sunansa na asali Crevecoeur, sai da Ingilishi suka karba a 1868 aka sa mai sunan Ussher. Gaba kadan James Fort na Ingilishi 1673, kuma duka biyun daga baya kurkuku aka maidasu, a James Fort din ne aka kulle Nkrumah a 1950 yana ciki ya ci zabe aka fito dashi a watan Fabrairu 1951, wannan labarin yara suna sonshi sosai domin suna ganin hotonshi a kudi. Sai Osu Castle can gabas na mutanen Denmak. Abin da yake bani mamaki kullum shine kasa uku na Turawa kowa da gidanshi a bakin teku daya, tsakanin James Fort da Ussher Fort tafiyar yan mintuna ce kawai, kuma ba shiri suke da juna ba kowa ya kafa igwa, shi yasa har yau tsofaffi suke cewa Ngleshie da Kinka, wato bangaren Ingilishi da bangaren Holan.

Hasumiyar ja da fari ita ba ta yaki bace, fitila ce a samanta da take haska wa jirage da dare su san ga inda gari yake kar su hau duwatsu. An fara gina wata a 1871, wadda kike gani yanzu ta shekarun 1930 ce, tsawonta wajen mita 28. In aka barku kuka hau sama zaku ga kwalekwale birjik da sabuwar tashar masunta da China ta taimaka aka gina. Amma matakalar a murde take kuma matsattsiya, kar ki bar yara su hau gaba daya, biyar biyar.

Abu biyu ki kiyaye. Ranar Talata masunta basa shiga teku, so in kina so yara su ga ana jan taru ana sauke kifi kar ku zo Talata. Na biyu akwai samari da zasu tare ku kowa yace shine mai rakiya, ni akan idona wani ya karbi kudin wasu baki ya zagaya dasu minti goma yana zuba musu karya ya gudu, ku yi ciniki kafin ku fara tafiya. In kin sa rana ki fada min ni zan raka ku kyauta, kifi da komi (kenkey, tuwon masara na mutanen Ga) kawai zaki saya min 😂

Abu_Maamobi

Ni dai Malama gaskiya ina tare da wannan uban da ya yi magana. Wannan tarihin mutanen Ga ne da Fanti da Turawansu, mu iyayenmu daga arewa suka zo da ƙafa, ba mu da haɗi da teku, Bahaushe ko iyo bai iya ba. A kai yara wajen da za a nuna musu ɗakin duhu a ce an ɗaure mutane su dawo suna mafarki, me aka ƙaru dashi? Ga wari ga rana. In tarihi ake so a haɗa kuɗi a kaisu garin Salaga ko Larabanga can arewa su ga nasu. Ra'ayina ne kawai, a yi haƙuri.

TsohonMaaikacinHabo

Salamu alaikum. Jikana ne yake buga mini wannan a waya, ni ina faɗa yana rubutawa, in an ga kuskure nasa ne.

Abu ɗana, ka ce ba mu da haɗi da teku. To zauna ka ji. Goron da kakanninmu suke bi tun daga Kano da Katsina har Gwanja, wata da watanni a hanya da jakuna, ka san yadda ya ƙare? Bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874 hanyar Salaga ta fara lalacewa, aka zo aka yi yaƙin basasar Salaga a 1892 mutane suka watse, wasu Karachi (Kete-Krachi) wasu Kumasi wasu suka gangaro nan. Sai fatake suka gane ai in ka kawo goro bakin teku ka sa shi a jirgin ruwa, cikin 'yan kwanaki yana Ikko, daga baya kuma da aka kai layin dogo Kano sai ya wuce arewa a jirgin ƙasa. Zangon farko na Ankara ai ba a Nima yake ba, can cikin gari yake kusa da teku, je ka tambayi dalilin da ya sa ake cewa Zongo Lane. Daga can ne Malam Baƙo ya tashi da mutanensa suka kafa Sabon Zango. Nima ta baya ce ƙwarai. Ban da sojojin Hausa da Baturen Ingila Gulofa (Glover) ya kawo daga Ikko a 1873, su ma ta ruwa suka sauka, da yawansu ba su koma ba, nan suka yi aure suka haifi iyayen wasunmu.

Mahaifina Allah ya jiƙansa dako ya yi a bakin ruwan Jamestown. A lokacinsu Ankara ba ta da tashar da babban jirgi zai matso ya jingina, ruwan ba zurfi kuma igiyar ruwa tana da ƙarfi, sai jirgi ya tsaya can nesa ya saki anga, a tura masa manyan kwalekwale da matuƙa kamar goma suna waƙa suna tuƙi. Su mahaifina aikinsu su ɗauki buhun koko (wanda ake cakulan dashi) a ka su shiga ruwa har ƙirji su ɗora a kwalekwalen. Kaya masu shigowa ma haka, siminti, gishiri, atamfa, har mota an sauke ta haka, an haɗa kwalekwale biyu. Fasinja kuwa a wata kujera kamar akwati ake zaunar dashi a sauko dashi da igiya daga jirgi. Yana cewa ranar da teku ta yi fushi sai ka ga kaya sun kife kowa yana kallo ba abin da za a yi. Wannan guntuwar katangar duwatsu da take shiga cikin ruwa a Jamestown saboda haka aka yi ta, don ta karya ƙarfin igiya kwalekwale su samu wurin fakewa, amma yashi ya riƙa taruwa a bayanta.

To wannan shi ne bambancin da habo na gaske, Malama. Habo wuri ne da aka killace teku da dogayen katangu na duwatsu, aka haƙe ƙasan ya yi zurfi, aka yi dandamali jirgi ya zo ya jingina kamar mota a tasha. Na farko a ƙasar nan shi ne Takoradi, aikin zamanin Gwamna Guggisberg, an buɗe a 1928, shi ne na katako da manganis da koko. Sai Tema da Nkrumah ya buɗe a 1962, daga ranar aikin su mahaifina ya mutu. Tema ƙauyen masunta ne a da, tashe su aka yi aka maida su Manhean. Ni a habon Tema na yi shekaruna har ƙarfi ya ƙare. A ciki akwai wajen kwantena, akwai tashar masunta daban, akwai kuma wani babban rami na siminti da jirgi yake shiga a rufe ƙofa a zuƙe ruwan tas, jirgi ya zauna a busasshe a gyara masa ciki, wanda bai taɓa gani ba in ya tsaya a ƙasan sai ya ji shi kamar tururuwa. Kuma je ka wajen da manyan motoci suke kwana a Tema ka saurara, direbobin Nijar da na Burkina da na Mali, Hausa da Zabarmanci kawai za ka ji, kayan Yamai da Maraɗi ta nan wasu suke bi. Sai ka ce mini ba mu da haɗi da teku.

Amma shiga cikin habo da yara ba abu ne na ka tashi ka je ba, sai an rubuta takarda an nemi izini tun da wuri.

Malam_Aboabo

Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, kun gama magana, mu sai dai mu ɗan ƙara gishiri. Ni ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Kumasi kuma kusan duk shekara sai na kai ɗalibai kudu.

Malama, a taƙaice kasil da fot aikinsu ɗaya, gidan ciniki ne mai katanga da igwa, bambancin girma ne da matsayi. Kasil guda uku ne kawai, Elmina da Cape Coast da Osu, nan ne hedikwata inda gwamna yake zaune da sojoji da akawu da coci da manyan rumbuna. Fot su ne ƙanana da aka jera a gaɓar teku suna tara kaya suna aikawa. Akwai kuma waɗanda ba a ciniki a cikinsu sam, na tsaro ne zalla a kan tudu. Misali mai kyau yana Elmina: Turawan Fotugal sun gina kasil ɗin a 1482 don zinariya, sun ƙarfafa ɓangaren teku, sai a 1637 mutanen Holan suka hau tudun da yake kallonsa ta baya suka jera igwa suka yi ta ruwan wuta har aka miƙa wuya. Da suka karɓa abu na farko da suka kula dashi shi ne kar wani ya musu irin abin da suka yi, sai suka gina Fort St. Jago a kan tudun. In kin tsaya da yara a saman kasil ɗin kika nuna musu tudun, ba sai kin yi dogon bayani ba, da kansu za su gane. UNESCO ta sa su duka cikin kayan tarihin duniya a 1979, daga Keta har Beyin.

Cape Coast mutanen Suwidin ne suka fara shi a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya zauna wajen Ingilishi a 1664, kuma daga nan suka yi mulki kafin su dawo Ankara a 1877. Abin da yake tsaya wa ɗalibaina a rai kullum ba igwa ba ce, coci ce da aka gina a saman kurkukun maza, sama ana addu'a ƙasa mutane ɗaruruwa a cikin duhu da ɗan ramin iska can sama. Ni na shiga ya fi sau goma amma har yanzu in mai rakiya ya kashe fitila na 'yan daƙiƙu sai na ji numfashina ya sauya. Saboda haka abin da Abu ya faɗa game da mafarki ba wasa ba ne, yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba ni ba na shiga dashi ciki, ya tsaya a fili ya kalli teku.

Inda ban yarda da Abu ba shi ne raba Salaga da bakin teku, ai igiya ɗaya ce mai baki biyu. Da yawa daga waɗanda aka kulle a ɗakunan nan daga arewa aka gangaro dasu, akwai ma wani rafi a Assin Manso kan hanyarmu ta Kumasi zuwa Cape Coast inda ake cewa nan ake musu wankan ƙarshe. Sai dai a kiyaye da shekaru kar a cakuɗa, domin ina jin masu rakiya suna yi. Denmak ta hana cinikin daga 1803, Ingila 1807, Holan 1814, amma kasuwar bayi ta Salaga ta ci gaba da ci har ƙarshen ƙarnin, hare-haren su Babatu a ƙasar Gurunsi na shekarun 1880 ne, waɗannan ba ta ƙofar Cape Coast suka fita ba, a cikin ƙasa aka sayar dasu aka musanya da goro. Kuma fatakenmu suna cikin masu saye da sayarwa, wannan ba ma son faɗa a zango amma haka yake, ni ina faɗa wa ɗalibaina.

Wani abu da mu mutanen Kumasi muke nema in mun je Elmina shi ne ɗakin da aka tsare Asantehene (sarkin Asante) Prempeh na farko a 1896 kafin a wuce dashi Saliyo, daga can tsibirin Seshel, bai dawo ba sai 1924. Osu kuma tana da nata labarin mai daɗi, a 1693 wani mutumin Akwamu mai suna Asameni ya shiga da mutanensa kamar masu sayen bindiga suka ƙwace gidan, ya zauna a matsayin gwamna kusan shekara yana ciniki da jirage, da ya maida musu ya riƙe makullan, suna Akwamufie har yau. Gidan ne kuma fadar gwamnati har 2013.

In kun yanke zuwa yamma, ku bar Kaneshie kafin asuba ta waye sosai saboda cunkoson Kasoa, wadda ita ma sunanta kasuwa ne da bakinmu. Wajen kilomita 150 ne zuwa Cape Coast. Ki sa yara su zauna ta hannun hagu, bayan Mankessim za su hango Fort Amsterdam a kan tudu a Abandze ba sai an tsaya ba. Amma kasil biyu a yini ɗaya da yara talatin, ga salla ga abinci, wahala ce, ki zaɓi ɗaya. Ni Elmina zan zaɓa saboda gadar da take kan bakin tafkin Benya, kwalekwale ɗaruruwa masu tutoci kala-kala suna shiga suna fita a ƙarƙashinta.

Hajiya_MaiAtamfa

Kowa yamma yake kallo, ba wanda ya tuna gabas. Ni ina bin hanyar Aflao sarin kaya shekara da shekaru, kuma ƙanwata tana aure a Keta. Malama in kina so yara su ga abin da teku take iya yi, Fort Prinzenstein za ki kaisu, na mutanen Denmak ne 1784, rabinsa ruwa ya cinye, abin da ya rage yana tsaye kamar haƙorin tsohuwa. Surukar ƙanwata takan nuna mana cikin teku ta ce can ne gidan da aka haife ta, can ne shagunan da, yanzu ba komai sai ruwa. Sai da aka zo aka jibge manyan duwatsu aka yi katangu masu shiga cikin teku kamar yatsu don su riƙe yashi sannan garin ya ɗan samu sauƙi, amma ƙauyukan da aikin bai kai ba har yanzu in ruwa ya tashi da dare sai dai mutane su kwashe yara su gudu makaranta ko coci. A garin Ada ma akwai wani fot ɗin da teku ta tafi dashi.

Akwai kuma hasumiyar fitila a Woe kafin ka shiga Keta, ita ta ƙarfe ce mai ƙafafu ba irin ta Jamestown ba. Na dai san hanyar da nisa ga yara, na faɗa ne kawai don a san ba Elmina kaɗai ba ce.

Alhaji, ina gaisuwa, maganar buhun koko ta tuna mini da kawuna, shi ma kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka har ya rasu.

DanGaMashie

Na manta Malama, akwai Brazil House a Brazil Lane nan kusa da Ussher Fort, gidan mutanen Tabom ne wadanda aka kai Barazil bauta suka dawo a jirgi a shekarun 1800 da wani abu, kuma cikinsu akwai musulmai. So ki fada wa wancan baban ba Turawa kadai suka yi gini a bakin teku ba. Yaya Abu kai ma ka zo ranar, ba za mu tura ka ruwa ba 😂

Abu_Maamobi

Baba Alhaji na ji, ban san zancen goro ta jirgi ba wallahi, kakana ɗan goro ne amma ban taɓa tambayar ta ina yake aikawa ba kuma yanzu babu wanda zan tambaya. Amma maganar ɗakin duhu ina nan a kan bakana, ɗiyata ba za ta shiga ba.

Malamar_Nima

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, dan Allah in jiki zai bari muna so ku zo makaranta ranar wata Asabar ku faɗa wa yaran labarin nan da bakinku kafin mu tafi, ni zan turo mota. Na lissafa abin da ke hannu, Elmina ba za ta yiwu bana ba, kuɗin bas kaɗai zai cinye komai, don haka Jamestown za mu yi, Ussher Fort da Brazil House da hasumiya sai mu sauka wajen masunta, ranar Laraba in sha Allah. Malam na Aboabo na kwafe shekarun nan duka a littafi.

DanGaMashie ka shirya, komi da kifi na kanka yana wuyana. Saura abu ɗaya, a ina yara talatin za su samu wurin alwala da sallar azahar a kusa, kuma akwai bayan gida mai tsabta da 'yan mata za su iya shiga? Wannan ne iyaye mata za su fara tambayata gobe.